Tarihin Rudolf Diesel, Mutumin Da Ya Ƙera Injin Da Ke Ɗaukar Kayanmu

Duk wanda ya taɓa kwana a tashar manyan motoci ta Ɗan Isa, ko Birnin Ƙonni, ko Gaya, yana jiran a gama masa takardun duwan, ya san ƙarar nan da ke tada mutane daga barci tun kafin asuba, lokacin da direbobi ke ɗumama injinansu. Albasar Galmi, da wake, da shanu, da siminti, da shinkafa, duk a bisa wannan ƙara suke ƙetara iyaka. Man da waɗannan motoci ke sha mu a nan muna ce masa gazuwal, ƴan uwanmu na Nijeriya kuma suna ce masa gas ko dizal. To wannan kalma ta dizal sunan mutum ce, wani Bajamushe da ake kira Rudolf Diesel, kuma tarihinsa ne muka kawo muku a yau, domin akwai abin da ɗan kasuwa zai ƙaru da shi a ciki, ta fannin mota da kuma ta fannin riƙon dukiya.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Rudolf Diesel a birnin Paris na ƙasar Faransa ranar 18 ga watan Maris na shekara ta 1858. Iyayensa Jamusawa ne ƴan ci-rani daga yankin Bavariya. Mahaifinsa, Theodor, mutumin garin Augsburg ne, sana'arsa ɗinkin littattafai da aikin fata, wato kamar dukawanmu, kuma shagon nasa bai kawo wani abin kirki. Saboda haka Rudolf ya tashi cikin rashi, yana taya mahaifinsa aiki yana kuma kai wa masu saye kayansu.

A shekara ta 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, aka umurci Jamusawan da ke Paris su fice. Iyalin suka gudu zuwa Landan ba su da komai. Da mahaifan suka ga ba su iya ɗaukar nauyinsa, sai suka tura yaron, yana ɗan shekara 12, zuwa Augsburg wajen danginsu, gidan wani malamin lissafi mai suna Christoph Barnickel. A nan ne basirarsa ta fito fili. Yana da shekara 14 ya rubuta wa iyayensa cewa shi injiniya yake son zama, alhali su so suke ya kama aiki da wuri ya taimaki gida. Ya gama makarantar a 1873 shi ne na ɗaya, sannan a 1875 ya samu tallafin karatu zuwa babbar makarantar fasaha ta birnin Munich.

A Munich ya haɗu da malamin da ya canza masa rayuwa, wato Carl von Linde, wanda ya shahara wajen ƙera injinan sanyi da na yin ƙanƙara. Wata rana a cikin darasi Linde ya bayyana wa ɗalibai cewa injin tururi, wanda a zamanin shi ke jan jirgin ƙasa yana kuma juya masana'antu, abin da yake mayarwa aiki daga zafin gawayin da ya ci bai wuce kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari ba. Ma'ana, in ka saya masa buhu goma na gawayi, buhu tara hayaƙi da zafin banza suke zama. Wannan asara ta tsaya wa Diesel a rai, kuma ita ya yi ta bi har ƙarshen rayuwarsa.

Zazzaɓin taifot ya hana shi zana jarrabawar ƙarshe a 1879. Kafin zagayowar wata jarrabawar ya je ya yi aikin hannu a masana'antar Sulzer da ke Winterthur a ƙasar Suwizalan, inda ya koyi ƙarfe da hannunsa. A watan Janairu na 1880 ya gama da sakamako mafi daraja, ya koma Paris ya kama aiki a ma'aikatar ƙanƙara ta malaminsa Linde, bayan shekara guda aka ba shi shugabancinta. A 1883 ya auri Martha Flasche, suka haifi ƴaƴa uku. A 1890 ya ƙaura zuwa Berlin, har wa yau a ƙarƙashin kamfanin Linde.

Dabarar da ya zo da ita

Kowa ya taɓa ba tayar keke iska da famfo ya san bakin famfon yakan yi zafi. Dalili kuwa shi ne, iska in aka matse ta zafi take yi. A kan wannan ne Diesel ya gina injinsa. Injin fetur yana haɗa mai da iska tukuna, sannan fulogi ya ba su wuta. Shi kuwa Diesel cewa ya yi a bar iska ita kaɗai ta shiga silinda, fistin ya matse ta matsewa mai tsanani har zafinta ya wuce digiri 500, sannan a fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa ba tare da fulogi ba. Gwargwadon ƙarfin matsewar, gwargwadon aikin da ake samu daga kowace lita. Wannan shi ne sirrin da ya sa har gobe babbar mota ba ta amfani da fetur.

Ya nemi takardar mallakar wannan dabara a 1892, hukumar Jamus ta ba shi ita ranar 23 ga Fabrairu 1893, kuma a shekarar ya wallafa ɗan littafin da ya bayyana lissafinsa. To amma abin da ke kan takarda daban, abin da ƙarfe zai jure daban. A lissafinsa na farko yana son a matse iska fiye da ninki ɗari biyu na nauyinta na yau da kullum, injin ya yi aiki ba ruwan sanyaya shi, har ma ya ambaci garin gawayi a cikin abin da zai iya ci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya yiwu. Sai da ya sauko da matsewar ƙasa sosai, ya sa wa injin ruwa, ya koma ga kananzir.

Mutane biyu suka yarda suka zuba kuɗinsu: Heinrich von Buz, shugaban masana'antar injuna ta Augsburg, da kuma kamfanin ƙarfe na Krupp. Wannan masana'anta ta Augsburg ita ce daga baya ta haɗu da wata ta Nuremberg ta zama MAN, sunan da muke gani a goshin manyan motoci da yawa a tashoshinmu.

Shekara huɗu na wahala

Injin farko da aka gina a 1893 silinda guda ne, tsayinsa kamar mita 3. Ranar 10 ga Agusta aka fesa masa mai karo na farko. Man ya kama da ƙarfin da ya tarwatsa na'urar awon da aka ɗaura masa, gutsattsarinta suka yi sama, Allah ya sa ba su samu kowa ba. Injin bai juya da kansa ba, amma dai an tabbatar mai yana kamawa ba fulogi. Aka kwance shi aka sake gini. Ranar 17 ga Fabrairu 1894 ya juya da ƙarfin kansa na tsawon minti ɗaya kacal.

Babbar matsalar ita ce yadda za a cusa mai cikin silindar da ke cike da matsattsiyar iska, a daidai lokacin da ake so, kuma ya watsu kamar hazo. Famfon da zai yi haka bai wanzu ba a zamanin. Sai Diesel ya koma hura man da wata iskar da ta fi ta cikin silinda ƙarfi, abin da ya tilasta a ɗaura wa injin wani famfon iska mai nauyi. Haka aka yi ta gwaji ana canza wannan ana canza wancan, shi kuwa ciwon kai mai tsanani yana damunsa, masu kuɗin suna ƙorafi.

Ranar 17 ga Fabrairu 1897 wani shehun malami daga Munich, Moritz Schröter, ya zo ya auna inji na uku a hukumance. Ƙarfinsa kamar na doki 20 ne, kuma ya mayar da kashi 26 cikin ɗari na zafin mansa zuwa aiki, wato fiye da ninki biyu na injin tururi. Wannan inji yana nan ajiye a babban gidan tarihin fasaha na Munich. Daga wannan rana labari ya bazu a duniya.

Dukiya ta zo

Nan da nan manyan attajirai suka fara layi domin sayen izinin ƙera injin a ƙasashensu. A 1897 Adolphus Busch, wani attajiri na birnin St. Louis, ya biya mak miliyan ɗaya, kuɗin Jamus na lokacin, ya karɓi izinin Amurka. Emanuel Nobel, mai rijiyoyin mai, ya karɓi na Rasha a 1898, haka kuma kamfanin Burmeister & Wain na ƙasar Danmak. Yaron nan da aka kora daga Paris ba ko sisi ya zama mai miliyoyi yana da shekara 40.

Sai dai an yi gaggawar kai kayan kasuwa. Injinan farko da aka sayar sun yi ta lalacewa a hannun masu saye, wasu aka mayar da su, sunan injin ya fara ɓaci. Ga kuma shari'o'i, domin wasu masu ƙere-ƙere, irin su Emil Capitaine, sun yi ta ƙalubalantar takardarsa ta mallaka, wasu kuma suna cewa injin da ya yi aiki ba shi ne wanda ya rubuta a takardar ba. A Ingila ma akwai Herbert Akroyd Stuart, wanda tun 1890 ya yi rajistar wani inji mai cin mai mai nauyi, ko da yake nasa sai an gasa masa kai da wuta kafin ya tashi. Nauyin duk wannan ya kayar da Diesel a 1898, har aka kwantar da shi a gidan jinya. A shekarar ce ya miƙa haƙƙoƙinsa ga wani sabon kamfani, aka biya shi wani kashi da kuɗi, wani kashi da hannun jari. Injiniyoyin Augsburg ne suka zauna suka gyara kurakuran injin ɗaya bayan ɗaya har ya zama abin dogaro.

Injin da ya sha man gyaɗa

Akwai wani abu a tarihin nan da ya shafe mu kai tsaye. A babban bajen kolin duniya da aka yi a Paris a 1900, inda injin ya ci babbar lambar yabo, an nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla, kuma ya yi aiki lami lafiya har mutane ƙalilan ne suka lura. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi wannan gwaji, saboda gyaɗa na yi sosai a ƙasashen Afirka da take mulka, tana tunanin a riƙa samun man inji daga gona ba sai an yi jigilarsa daga Turai ba. Diesel ya ɗauki maganar da muhimmanci, ya kuma yi ta maimaita ta a laccocinsa na 1912, yana hasashen wata rana man tsirrai zai yi daraja kamar man ƙasa. Shekarar 1912 ɗin kuwa ita ce aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano ga ƴan kasuwa, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, wanda daga baya ya raya Maraɗi da Damagaram da Magarya da Matamaye. Arhar man ƙasa ce ta danne wancan tunani, gyaɗarmu ta tafi Turai a buhu, gazuwal kuma ya zo mana a tanka.

Ƙarshen rayuwarsa

Injin ya ci gaba da yaɗuwa. A 1903 aka sa shi a jirgin dakon mai na kogi a Rasha, sojojin ruwa suka fara sa shi a jiragen ƙarƙashin teku, a 1912 kuma jirgin ruwan Selandia ya tashi daga Danmak ya je Bangkok ba gawayi ba tururi. A shekarar ya ziyarci Amurka, aka karɓe shi da girma, har ya gana da Thomas Edison.

Amma a ɓoye dukiyarsa tana zurarewa. Ya gina katafaren gida a Munich wanda ya ci kuɗi masu yawa. Ya zuba jari a cinikin filaye da rijiyoyin mai na yankin Galisiya, harkokin da bai san kansu ba, duk suka cinye shi. Hannun jarin da aka biya shi da su suka faɗi. A 1908 wa'adin takardunsa na mallaka ya ƙare, kowa na iya ƙera injin ba tare da ya biya shi ba. Abin ya zama kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Kuma saboda tsare mutunci bai gaya wa abokansa masu hali ba, bai ma gaya wa matarsa ba.

Ranar 29 ga Satumba 1913 ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden a tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam, zai ƙetara zuwa Ingila domin taron wani kamfanin injinan dizal. Ya ci abincin dare da abokan tafiyarsa biyu, wajen ƙarfe 10 ya yi musu sallama, ya bar saƙo a tashe shi ƙarfe 6 da kwata. Da gari ya waye aka tarar ɗakinsa ba kowa, gadon ba a kwanta a kai ba, rigar barcinsa na shimfiɗe, hularsa da babbar rigarsa kuma a naɗe kusa da dogarin ƙarfe na bayan jirgin. Bayan kwana goma ma'aikatan wani ƙaramin jirgin ƙasar Holan suka ga gawa a ruwa, suka cire abin da ke aljihunta suka mayar da ita teku. Ɗansa Eugen ya shaida kayan na mahaifinsa ne. Ya mutu yana da shekara 55.

Kafin tafiyar ya bar wa matarsa wata jaka ya ce kada ta buɗe sai bayan mako guda. Da ta buɗe ta samu mak dubu 20 da takardun da ke nuna asusunsu ya ƙare, ga bashi. Saboda haka ne mafi yawan masana tarihi suka tafi a kan cewa shi ya jefa kansa, ko da yake jaridun zamanin sun yi ta yaɗa cewa kashe shi aka yi saboda hulɗarsa da Ingilishi ana dab da yaƙin duniya na farko.

Yadda injin ya hau mota

Diesel bai ga babbar mota mai injinsa tana dako ba. Famfon iskar nan da nauyin injin sun hana. Sai da Prosper L'Orange na kamfanin Benz ya fito a 1909 da dabarar wani ɗan ɗaki a kan silinda inda mai ke fara kamawa, sannan Benz ya gwada motar dako mai dizal a 1923, MAN ya nuna tasa a Berlin a 1924. A 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon mai da yawa, wanda ke tura gazuwal kai tsaye zuwa nozul da ƙarfinsa. Wannan famfo ne ya warware matsalar da ta sha kan Diesel shekara talatin da suka wuce.

A nan muke son masu motoci su saurara. Cikin abubuwan da suka ci wa Diesel shekara huɗu akwai daidaita lokaci: yaushe iska za ta shiga, yaushe mai zai shiga, yaushe hayaƙi zai fita. A cikin inji aikin wata doguwar sandar ƙarfe ce mai ƙusumbi-ƙusumbi, wadda kanikawa ke kira kamshaf. Tana juyawa sau ɗaya duk lokacin da injin ya juya sau biyu, kowane ƙusumbi yana danna bawul ɗinsa ya buɗe sannan ya sake shi ya rufe. A injinan Diesel na farko ita ce ma ke buɗe allurar mai, kuma a wasu injinan manyan motoci har yanzu ita ke danna famfon kowace silinda.

Idan aka zo sabunta inji, akan samu bakanike ya ba mai mota shawarar a sa wata kamshaf mai manyan ƙusumbi domin ƙarin ƙarfi. Kafin ka amince, ka san abu huɗu. Na ɗaya, sandar da ke daɗe da riƙe bawul a buɗe takan kai ƙarfin injin can sama wajen gudu, ta rage masa ja a ƙasa, alhali motar da ta ɗauko buhu ɗaruruwa a kan hanya mai ramuka ja take bukata, injinta kuma yawanci tsakanin juyi 1,200 zuwa 1,800 a minti yake aiki. Na biyu, saboda tsananin matsewar injin dizal, tazarar da ke tsakanin kan fistin da bawul ƴar kaɗan ce, in ba a auna ba suna iya karo, injin ya tashi aiki gaba ɗaya. Na uku, sabuwar sanda ba ta tafiya da tsofaffin ƙarafan da ke bin bayanta, da sifirin da suka gaji; in aka haɗa su za su cinye ta cikin ɗan lokaci. Na huɗu, dole ta dace da turbo da famfon mai da nozul na wannan injin, domin ƙarin mai ba tare da isasshiyar iska ba baƙin hayaƙi ne kawai, baƙin hayaƙi kuwa kuɗinka ne ke fita ta salansa. Ga motar dako, sandar da ke ɗauke da lambar injin daga masana'anta ita ce mafi aminci, tun da an gwada ta kafin a sako ta. Mai injin da kansa sai da ya bar lissafin takarda ya bi abin da awo ya nuna masa.

Abin da ya bari

Tun farko burin Diesel shi ne ƙananan masu sana'a irin mahaifinsa su samu inji mai arhar ci, domin injin tururi sai manyan masana'antu ke iya riƙe shi. A rayuwarsa manyan kamfanoni da sojojin ruwa ne suka amfana. Amma in muka duba injin niƙa da ke ƙarshen kowace kasuwa, da injin ban ruwa na masu lambu, da janareton da ke riƙe da firjin mai ƙanƙara, za mu ga burin nasa ya cika bayan ba ya nan. Ya san ƙarfe sani na haƙiƙa, ya ci riba a cikinsa; ya shiga cinikin da bai sani ba, ya ɓoye asararsa ga na kusa da shi, ya rasa komai. Allah ya sa mu fi ƙarfin bukatunmu, ya kai direbobinmu da kayanmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.